Sitem sel da gigin tsufa: ina binciken ya kwana, me kuma ake sayar mana a ƙauye?

Kwanakin nan duk guruf ɗin WhatsApp da ka leƙa sai ka tarar an turo bidiyo ko murya ana cewa an gano maganin gigin tsufa, wai sitem sel, wato wasu ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa su zama wasu, wai ana saka wa tsoho sai hankalinsa ya dawo ya gane 'ya'yansa. Maganar kuma bata tsaya a waya ba, ta biyo mu har gida, dan nan ƙasar Ringim akwai samari da matan aure da suke yawo da 'yan ledoji na wani gari da ake zubawa ƙarƙashin harshe suna cewa shima sitem sel ne, kwali ɗaya sai mutum ya kai akuya kasuwa kafin ya haɗa kuɗinsa. Abu biyu ne aka cakuɗa wa mutane. Akwai bincike na gaskiya da manyan likitoci suke yi a Japan da Koriya da Amurka, wanda ni kaina ina fatan Allah ya sa ya kai ga nasara, akwai kuma kasuwanci da ake yi da sunan wancan binciken. A yau ɗin nan babu wani maganin sitem sel na gigin tsufa da aka tabbatar yana aiki har aka bada izinin sayar da shi, duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan haka toh ya sayar maka da abin da bashi da shi.

Gigin tsufa ba tsufa bane kawai, wannan shine wurin da muke fara kuskure. Muna da tsofaffi 'yan shekara casa'in da zasu lissafa maka iyakar gonakin unguwa kaf da wanda ya gaji kowacce, ga kuma mai sittin da 'yan kai da baya gane hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana sallah a ciki. Na biyun ciwo ne a ƙwaƙwalwa. A 1906 wani likita a Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta yi shekaru a ruɗe, ya ga ta motse, ya ga wani dasƙararren abu ya taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar, wani kuma ya cukurkuɗe a cikinsu. Na wajen shi ake kira amiloyid yanzu, na cikin kuma tawu, kuma irin wannan ciwon da ya ɗauki sunansa shine kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa. Sai wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jini yake kawowa, mai tafiya da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, wanda ina ganin mu shi ya kamata ya fi tsorata mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne suke da ciwon, ana samun kusan miliyan 10 sababbi duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, wato dai irin namu.

Akwai wata tsohuwa a maƙwabtanmu, mace ce da a da ita ake kira in haihuwa ta zo da gardama, yanzu da asuba sai a tarar ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali ta kama hanyar garin iyayenta wai babanta yana jiranta, baban da ya rasu tun kafin a haifi jikokinta. Jikarta ta ɗauke kwanon tuwo kenan a gabanta sai ta ce ba a bata abinci ba. Yarinyar ta ce "Iya ai yanzu kika cinye, ga hannunki ma ba ki wanke ba," ita kuma ta kalli hannun ta kalli yarinyar ta ce "ke 'yar waye? kira min matar gidan, da yunwa kuke so ku kashe ni." Ɗanta yana dako a Legas, duk abin da ya samu turowa yake, kuma shi aka samu da maganar ledojin nan. Bana ganin laifinsa ko kaɗan, wanda uwarsa ta kalle shi ta tambaye shi ko shi waye zai sayi duk abin da aka ce masa magani ne.

Toh menene sitem sel ɗin. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido baya gani, kowacce da aikinta, ta fata daban, ta jini daban, ta ƙwaƙwalwa daban, kuma ta fata bata komawa ta jini. Sitem sel ita ce ƙwayar da bata riga ta zama ko ɗaya ba, tana iya rabuwa ta haifi irinta, tana kuma iya rikiɗa ta zama wata. Wadda ta fi kowacce iya rikiɗa ita ce ta ɗan tayi a kwanakin farko bayan haɗuwar maniyyi da ƙwan mace, a 1998 aka fara raino irin ta mutum a ɗakin gwaji a Amurka. Akwai kuma waɗanda suke jikin babba, a ɓargo, a kitse, da cibiya da mabiyiyar jariri, su iyakarsu 'yan abubuwa kaɗan suke zama. Sai Shinya Yamanaka na Japan ya zo da abin mamaki a 2006, ya ɗauki ƙwayar fatar ɓera ya saka mata wasu sinadaran gado guda 4 ta koma baya ta zama kamar ta ɗan tayi, a 2007 ya yi da ta mutum, a 2012 aka bashi kyautar Nobel. Ma'ana daga fatar tsoho ana iya samar da ƙwayar ƙwaƙwalwa a cikin faranti. Wannan gaskiya ne, ana yinsa kullum a ɗakunan bincike.

Kuma akwai inda sitem sel yake warkarwa da gaske, shi yasa maganar take shiga kunne. Dashen ɓargo da ake yi wa masu sikila da masu kansar jini ai sitem sel ne, an shafe shekaru ana yi, har a Najeriya an yi na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 ga wani yaro mai sikila. Amma ka lura da dalilin da yasa yake aiki a can. Jini dama kullum mutuwa yake ana sabunta shi, jar ƙwayar jini kwana kusan 120 take yi ta mutu wata ta maye gurbinta, kuma kowacce daidai take da 'yar uwarta, babu ruwan jiki da wacce ce ta ɗauko iskar, in dai an ɗauko. In ka canza ɓargon da yake haifar su ka gama.

Ƙwaƙwalwa ba haka take ba, kuma nan ne gaba ɗaya wahalar take. Ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a kan mutum, mafi yawansu da su aka haife shi kuma da su zai mutu, kowacce ta miƙa 'yan zarurruka ta haɗu da dubban wasu, kuma abin da muke kira tunawa, sunan ɗanka, Fatiha, hanyar rijiya, ɗanɗanon miyar da mahaifiyarka take yi, ba a cikin ƙwaya ɗaya yake zaune ba, a cikin wannan haɗuwar yake, wacce ta haɗu da wacce kuma da wane ƙarfi, abin da aka shekara sittin ana ginawa. Ka ɗauki karar Maigatari. A ce dillalan da suka tsufa a cikinta duk sun tafi rana ɗaya, sai ka ciko mota da samari masu lafiya masu ƙarfi ka sauke ka ce ga dillalai nan. Mutane ne, yawan ma ya cika, amma basu san wane Bafillace ne yake kawo shanu daga Nijar ba, basu san wa ake ba bashi wa ba a ba, basu san wa yake bin wa ba, cinikin da yake tafiya a kan sanayya ya tafi da masu shi. Ko da sabuwar ƙwaya ta rayu a kan tsoho ta zama jijiya, bata san da wa zata haɗu ba, kuma abin da waccan ta mutu da shi ba zata dawo da shi ba.

Bayan wannan ga wasu matsalolin. Ciwon Alzheimer yakan fara ne ta wajen wani ɓangare da ake kira hifokamfas, inda ake ajiye sabon abu, shi yasa tsohuwa take manta tuwon ɗazu amma tana tuna ranar aurenta, daga nan sai ya bazu ko'ina ya kashe ƙwayoyi iri-iri, babu wuri ɗaya da zaka nuna ka ce nan za'a yi dashen. Sannan abin da ya kashe na farkon yana nan bai tafi ba, amiloyid ɗin da tawu ɗin da kumburin, sabuwar da ka saka cikinsu zata zauna. Sannan ita kanta hanyar kaiwa, ƙwaƙwalwa tana da wani shinge tsakaninta da jini da baya barin abubuwa su wuce sakaka, in aka saka ƙwayoyin ta ƙarin ruwa yawancinsu a huhu suke maƙalewa, in kuma ana so su isa kai tsaye sai an huda ƙoƙon kai. Ga tsoron kada ƙwayar da take da ikon rabuwa ta ƙi tsayawa ta zama ƙari.

Ka kwatanta da cutar karkarwa ta Parkinson sai ka ga bambancin. Can yawanci ƙwaya iri ɗaya ce take mutuwa, mai samar da sinadarin dofamin, a wani ɗan wuri da aka sani. Shi yasa a 2025 aka fitar da sakamakon gwaji biyu, na Jami'ar Kyoto a kan mutum 7 da na Amurka da Kanada a kan mutum 12, aka dasa musu ƙwayoyin a ka, suka rayu, ba a ga ƙari ba, wasu ma aka ga alamar sauƙi. Wannan labari ne mai daɗi kuma shi ake yankowa a liƙa wa gigin tsufa a bidiyoyin nan, alhali ko can ɗin mutum 19 ne duka kuma gwaji bai ƙare ba.

Saboda haka yawancin masu binciken gigin tsufa sun sauya buri. Yanzu ba mayar da ƙwayoyin da suka mutu suke nema ba, so suke su taimaki waɗanda suka rage kada su mutu da wuri. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka dasa sitem sel na jijiya a kan ɓerayen da aka sa musu irin wannan ciwon, ɓerayen suka fi tuna hanya, amma da aka duba sai aka ga amiloyid da tawu suna nan yadda suke, abin da ya faru shine ƙwayoyin sun riƙa fitar da wani sinadari mai ciyar da jijiya, haɗuwar da ke tsakanin tsofaffin ƙwayoyin ta ƙaru. Sai dai ɓera ba mutum bane, magunguna da yawa sun warkar da ɓeraye suka zo kan mutane suka faɗi. A Koriya ta Kudu an gwada a kan mutum 9, aka ɗauko ƙwayoyin daga jinin cibiyar jarirai aka yi musu allura har cikin ƙwaƙwalwa, sakamakon ya fito a 2015, ba a ga wata babbar illa ba, amma ba a nuna ya tsayar da ciwon ba, dama kuma tambayar gwajin ita ce ko yana cutarwa. Na baya-bayan nan da ya fi jan hankali shine na wani kamfani a Miyami ta Amurka da ya fito a mujallar Nature Medicine a 2025, kusan mutum 50 masu ciwon a matakin farko, aka ba wasu ƙwayoyin ɓargon matasa masu lafiya ta jijiya wasu kuma aka basu ruwan da babu komai a ciki ba tare da sun sani ba, bayan sati 39 hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ta waɗanda suka samu ƙwayoyin bata motse da sauri kamar ta sauran ba. Wallahi na ji daɗin wannan labarin. Amma mutum 50 kaɗan ne ƙwarai, wata tara kuma gajeren lokaci ne ga ciwon da yake shekara goma yana cin mutum, babu wanda ya warke a cikinsu, kuma kafin a kira abu magani sai an gwada a kan ɗaruruwa ko dubbai an ga bambancin a rayuwarsu ta yau da kullum ba a hoto kawai ba.

Ni inda na fi sa rai ma ba dashen bane. Dabarar Yamanaka ta ba masu bincike damar ɗaukar fata ko jinin mai ciwon su mayar da shi ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su zuba ido su ga yadda ciwon yake farawa, su gwada magunguna dubu a kai ba tare da an taɓa mutum ba. Yana iya yiwuwa amfanin sitem sel a wannan ciwon ya zo ta nan, ya zama shi ya nuna hanyar wata ƙwayar magani da za'a haɗiya.

Masu tambayar halacci, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2003 ta ce ya halatta in an samo ƙwayoyin ta halastacciyar hanya, kamar jikin babba da izininsa, ko cibiya da mabiyiya da izinin iyaye, ta hana in da gangan aka zubar da ciki dan a samo su. Wannan ɓangaren bashi da rikici sosai.

Rikicin yana wajen masu sayarwa. A Fulorida ta Amurka wasu tsofaffin mata uku sun biya dala 5,000 kowacce aka ɗebi kitsen jikinsu aka tace aka yi musu allura a ido da sunan sitem sel, ganinsu ya lalace, wata ko haske ta daina gani, likitoci suka wallafa labarin a 2017. Wani yaro ɗan Isra'ila an kai shi Mosko ana yi masa allurar ƙwayoyin ɗan tayi a ka da laka, bayan 'yan shekaru aka samu ƙari a ƙwaƙwalwarsa da lakarsa, da aka gwada sai aka ga daga ƙwayoyin da aka saka masa ya tsiro, wannan a 2009 aka fitar. Masu kuɗinmu da ake yi wa tallan asibitocin waje su ji wannan. Mu kuma talakawa namu ledar gari ce, in ka karanta jikin kwalin zaka ga daga tuffa ko inabi aka samo, wato ƙwayar tsiro ce, busasshiya, matacciya, ta shiga ciki ta narke kamar kowane abinci. Ƙwayar tuffa bata zama ƙwayar ƙwaƙwalwar mutum ko da ranta balle an busar da ita. Lambar NAFDAC da suke nuna maka ma, a irin waɗannan kayan ba shaida bace cewa abu yana warkar da ciwo. Kuma gwaji na gaskiya ba a karɓar kuɗin mara lafiya, su ne ma suke ɗaukar nauyinsa, su sa shi ko waliyyinsa ya sa hannu bayan an karanta masa haɗarin.

Ko magungunan gigin tsufa da aka amince da su a Amurka, waɗanda ba sitem sel bane, basu kai inda ake zato ba. Lekanemab da aka ba cikakken izini a 2023 yana wanke amiloyid, a gwajin kusan mutum 1,800 ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin 100 a wata 18, bai tsayar ba bai mayar da baya ba, ƙarin ruwa ne duk sati biyu, yana iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa dan haka sai ana ta ɗaukar hoto, kuɗin da aka sa masa a 2023 dala 26,500 ne a shekara, ka buga da canjin yau ka gani. Donefezil da memantin da ake samu a nan suna ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, iyakarsu kenan.

Kuɗin akuyar nan da an kai tsohuwa asibiti da shi ya fi, dan ba duk ruɗewa bace gigin tsufa. Ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo na tayirod, ciwon damuwa, ciwon sanyi na mafitsara, jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa, ko magungunan kemis da aka haɗa mata barkatai, duk suna iya ruɗa tsoho kuma waɗannan ana maganinsu, musamman in ruɗewar farat ɗaya ta zo cikin kwanaki. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai Dawanau, akwai Kazaure, zuwa can ba yana nufin an ce uwarka mahaukaciya bace. In ma ya tabbata gigin ne, sanin sunan ciwon kaɗai yana kare ta, dan mun sha gani tsohuwa ta ruɗe tana sambatu tana kiran sunayen matattu ko ta ce ita ta ci wane, sai gari ya ɗauka ta tona kanta, a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa, matar da ta yi wa rabin unguwa wankan jego. Ita ma surukar ko jikar da take wanke ta take kwana da ido ɗaya saboda kada ta fice, a riƙa karɓarta, a sa wa ƙofa sakata ta sama, a ɗauke ashana da wuƙa, a daina gardama da tsohuwa a kan abin da ta manta, in ta ce bata ci ba a ɗan ƙara mata loma biyu.

Mu kuma da bamu kai can ba akwai abin yi tun yanzu. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce in an magance su ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, rashin ji da rashin gani da ba a kula ba, buguwar kai irin ta faɗuwa a babur, kaɗaici, da rashin karatu tun yarinta. Wani dogon bincike da aka yi tsakanin Badun da Indiyanafolis ta Amurka ya samu a 1995 cewa tsofaffin Yarabawa kusan kashi 2 cikin 100 ne suke da ciwon, baƙaƙen Amurka kuma sama da kashi 8, kuma cikin abubuwan da masu binciken suka duba akwai bambancin abinci da cututtukan jijiyoyin jini, abubuwan da yanzu suke ƙaruwa a wajenmu. Wanda ya fi kama da halinmu shine na ƙauyukan Sin da ya fito a 2025, ƙauye 326, mutum kusan 34,000 masu hawan jini, ba manyan likitoci aka tura musu ba, ma'aikatan lafiya na ƙauyen aka horar suna auna jini suna bada magani mai araha suna bibiya gida-gida, bayan shekara 4 gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi haka. Irin waɗannan ma'aikatan muna da su a asibitin sha-ka-tafi na kusan kowace mazaɓa a Jigawa, abin awon yana kan tebur, yawancinmu ne bama zuwa sai ɓarin jiki ya shanye, wanda aka ɗora a kan magani kuma da ya ji kansa ya daina ciwo sai ya ajiye.